Tanadin abincin kaji da kayan cefane a karkara: me ake tarawa, me ake bari?

Mai kiwon kaji a ƙauye yana fama da abu biyu da na birni bai cika sani ba: kasuwa ba ta ci sai mako-mako, kuma da damina ta kankama hanya kan yanke, kuɗin mota ya ninka. Shi ya sa tanadi ya zama dole. Sai dai ba kowane kaya ne ke jure ajiya ba.

Yaushe ya fi dacewa a yi sayayyar?

Hatsi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da masara da dawa da waken suya suka cika kasuwannin Giwa, Saminaka, Dandume da Dawanau. Daga bazara farashi kan fara hawa, ya kai ƙololuwa wajen Yuli da Agusta, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa sabon amfani bai iso ba. Kayan miya kuwa nasu lokacin daban ne. Tumatir da tattasai da albasa sun fi araha da rani, lokacin da na noman ban-ruwa irin na Kadawa ya fito.

Amma kada a ɗauki wannan tamkar doka. Waɗanda suka tara masara da tsada a kakar 2024 da niyyar cin riba sun ji jiki, domin a 2025 farashin ya faɗo. Wanda ya saya don kajinsa da tukunyar gidansa bai yi irin wannan asarar ba, tunda dama ba sayarwa zai yi ba.

Zan iya sayen haɗaɗɗen abincin kaji na wata shida in ajiye?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ƙona kuɗinsu. Abincin kamfani, sitata ne (na 'yan tsaki) ko girowa (na masu tasowa) ko finisha (na masu nama da suka kusa isa sayarwa) ko na masu ƙwai, an riga an niƙa shi an zuba masa sinadaran bitamin da mai. Da zarar an fasa ƙwayar hatsi, iska da zafi sun samu ƙofa: man ya fara ɗoyi, bitamin ya riƙa raguwa, ko da ido bai ga canji ba. A zafin ƙasarmu, abin da ya fi shi ne a sayi na wata ɗaya, in an matsa mako shida, kuma a duba ranar da aka haɗa shi a jikin buhun, don wani ya riga ya daɗe a shagon dillali. Sau da yawa alamar farko ita ce ƙwai ya ragu ko ɓawonsa ya yi laushi, mai kaji ya bazama sayen magani alhali matsalar tana cikin buhu.

Abin da ake tarawa shi ne ɗanyen kaya: masara da ƙwayarta, dawa, waken suya. Masara ita ce fiye da rabin abincin kaza, saboda haka wanda ya mallake ta da kaka ya gama da babban ɓangaren kuɗin. Sai ya riƙa niƙa na mako biyu-biyu, yana haɗawa da abin da masu kiwo ke kira konsantiret (haɗin sinadaran gina jiki na kamfani da ake gaurayawa da hatsi), ko kuma da soyayyen waken suya, dusa, garin ƙashi, gishiri da firimis (garin bitamin da ma'adanai) bisa ma'aunin da malamin dabbobi ya ba shi. A lura, waken suya sai an soya. Ɗanyensa yana ɗauke da sinadarin da ke hana kaza narkar da abinci, sai ka ga tana ci ba ta girma.

Buhu nawa zan buƙata?

Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 100 ke nan za su ci kusan kilo 12, wato buhu mai kilo 25 ba zai wuce kwana biyu da ɗan ɗoriya ba, a wata kuma wajen buhu 14. Idan kai ke haɗawa, masarar da ke cikin wannan ta kusa buhu biyu masu kilo 100 a wata, ka ga na wata shida buhu 11 ko 12 ne. Kajin gida da ke yawon tsince-tsince ba sa cikin wannan lissafi. Su ɗan tsaba da dusa safe da yamma ya wadatar.

Ta yaya zan san hatsin ya bushe sosai?

A gwada da haƙori: busasshiyar masara tana fashewa da ƙara, mai danshi kuwa lanƙwasewa take yi. Akwai kuma gwajin gishiri. A zuba hatsi da busasshen gishiri a kwalbar gilashi wadda babu laima a cikinta, a rufe, a girgiza, a bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. Ana so danshin kada ya wuce kashi 13 cikin 100.

Dalilin wannan takatsantsan shi ne fumfuna. Tana haifar da gubar afalatoksin a masara da gyaɗa, gubar da ke lalata hanta, ta kaza da ta mutum, kuma dafawa ba ta kashe ta. Al'adar nan ta ware ruɓaɓɓiyar masara a ce "a ba kaji" ba tattali ba ce. Tunkuza ma a yi hattara da ita, musamman wadda ta kwana biyu da damina.

Ƙwari da ɓeraye fa? Wane magani ake sawa?

Ni dai shawarata buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙira tun farko domin wake. Ana matse iska a ɗaure kowane ɗaya daban, ƙwarin su mutu don rashin iska, ba tare da an sa komai ba. Duro ko jarka mai murfi ma suna yin wannan aiki in an cika su fal an rufe ruf. Sharaɗin ɗaya ne: kada a riƙa buɗewa, kuma ledar da ɓera ya huda ta tashi daga aiki.

Fiya-fiya kuwa kada ta kusanci abinci. Saboda ragowar irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ƙwayar gas ɗin nan da ake jefawa cikin buhu tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro, don haka ba a amfani da ita a ɗakin da ake kwana ko kusa da kejin kaji. A ɗora buhuna kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango saboda gara da laima, wanda aka fara saye shi za a fara ci. Kada kuma a karɓi tsofaffin buhuna daga wata gonar kaji, don murar tsuntsaye na iya biyo su.

A kayan cefane, wanne ke jure ajiya?

Gero da dawa, musamman a zangarniyarsu cikin rumbu. Shinkafa shanshara ta fi gyararriya daɗewa. Gishiri, sukari, sabulu, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, barkono da kauɗar tumatir duk suna kai watanni in an tsare su daga laima. Man gyaɗa da manja a rufe su a ajiye inda rana ba ta taɓawa. Gari kuwa hukuncinsa ɗaya da abincin kaji: a niƙa kaɗan-kaɗan. Albasa tana son iska, a baza ta, kada a bar ta cikin buhu.

Wannan ba ɓoye abinci ba ne da malamai ke hani a kai?

Abin da aka hana shi ne ɗan kasuwa ya kwashe kayan masarufi ya kulle, yana jiran jama'a su shiga ƙunci ya tsawwala. Tanadin gida daban ne, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya kan ajiye wa iyalinsa abincin shekara.

In kuɗina ba su da yawa, da me zan fara?

Da hatsin gida tukuna, sannan masarar kaji. Kada ka zuba duk jarin a buhu, ka bar na rigakafi da na firimis da kuɗin niƙa, waɗanda sai an tashi amfani ake sayensu. In maƙwabta uku ko huɗu suka haɗa kuɗi suka ɗauki mota ɗaya ranar kasuwa, kuɗin dako zai ragu, kuma dillali ya fi sassautawa mai sayen buhu ashirin a kan mai sayen biyu.