Adbent

Adbent shi ne lokacin da Kiristocin Yamma, musamman Katolika da Anglika da Lutar da Metodis, ke keɓewa kafin Kirsimeti domin shirya zuciya ga zuwan Yesu Almasihu. Yana farawa ranar Lahadi da ta fi kusa da 30 ga Nuwamba, wato tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, ya ƙare a daren Kirsimeti, don haka tsawonsa yakan kama daga kwana 22 zuwa 28, amma kullum yana ɗauke da Lahadi huɗu. Da shi ake buɗe shekarar ibada ta waɗannan ikilisiyoyi. Manufarsa biyu ce: tunawa da haihuwar Almasihu a Baitalami, da zaman jiran komowarsa a ƙarshen zamani, kuma a makonnin farko ta biyun ce ke kan gaba.

Tarihi

Babu tabbacin lokacin da aka fara kiyaye shi, sai dai alamomin farko sun fito daga Sifen da ƙasar Gol, wadda a yau ake kira Faransa. Taron bishof-bishof na Saragosa a shekara ta 380 ya umarci masu bi kada su yi fashin zuwa majami'a daga 17 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu. Wasu masana na ganin wannan ne tushen Adbent, wasu kuwa sun ce umarnin bai shafe shi ba.

Shaidar da ta fi ƙarfi ta zo daga birnin Tur na ƙasar Gol. An ruwaito cewa Bishof Farfetuwus, wanda ya rasu wajen shekara ta 490, ya ɗora wa mutanensa azumin kwana uku a kowane mako tun daga idin Waliyyi Martin, 11 ga Nuwamba, har zuwa Kirsimeti. Taron bishof-bishof da aka yi a birnin Makon a shekara ta 581 ya tabbatar da wannan tsari, ya kuma ayyana ranakun: Litinin, Laraba da Juma'a. Saboda haka aka daɗe ana kiran lokacin da sunan azumin Martin, kuma kamanninsa sun yi kusa da na babban azumin da ke gaban Ista, da kame baki da rage shagali.

A Roma abin ya ɗauki wata siffa. Can an fi ba da ƙarfi ga addu'o'i da karatun majami'a fiye da azumi, kuma ana jin cewa makonnin sun kai shida kafin a taƙaita su zuwa huɗu, aikin da galibi ake jingina wa zamanin Fafaroma Gregori Babba, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604. Birnin Milan bai bi wannan ragi ba, har yau yana riƙe da makonni shida. A ƙarni na 12 Barnad na Kilarbo, wani malamin Katolika a Faransa, ya yi wa'azin da ya yi tasiri ƙwarai, inda ya ce zuwan Almasihu uku ne: na farko cikin jiki da rauni, na ƙarshe cikin ɗaukaka, da na tsakiya wanda yake ɓoyayye, a zuciyar mai bi kowace rana. Wannan fahimta ce ta mai da zaman jira aikin yau, domin wanda ake jira yana iya ƙwanƙwasa ƙofa tun kafin ranar shari'a.

Koyarwar zama a faɗake

Karatun Lahadi ta farko shi ne ke bayyana ruhin lokacin, kuma abin lura ne cewa ba ya maganar jariri ko komin dabbobi ko kaɗan. A Matiyu 24 Yesu ya kwatanta komowarsa da kwanakin Nuhu, lokacin da mutane ke ci suna sha, suna aure suna aurarwa, har ruwan tufana ya zo ya kwashe su. Ba a ambaci wani mugun aiki a cikin jerin ba. Ci da sha da aure duk halal ne, laifin shi ne sun cika zuciya har ba su bar wa Allah wuri ba. A Markus 13 misalin na maigida ne da ya yi tafiya ya bar wa mai gadi umarnin ya zauna a faɗake, tun da ba a sani ba ko da yamma zai dawo, ko da tsakar dare, ko da carar zakara, ko da safe. Luka 21 ya fi fitowa fili, yana gargaɗin kada zukata su yi nauyi da zarin ci da buguwa da ɗawainiyar duniya.

Ana haɗa waɗannan da wasiƙar Bulus ga Romawa, sura 13, inda ya ce lokaci ya yi da za a farka daga barci. Ƙarshen wannan sashe ne Agustin, ɗan Arewacin Afirka wanda daga baya ya zama babban malamin ikilisiya, ya karanta a wani lambu a Milan a shekara ta 386, ya bar tsohuwar rayuwarsa. Lahadi ta biyu da ta uku na Yahaya Mai Baftisma ne da kiransa na tuba, ta huɗu kuwa tana juyawa ga Maryamu da labarin haihuwa.

Al'adu

Limamai kan sa tufafi masu launin shunayya, a Lahadi ta uku kuma an yarda da ruwan hoda don nuna farin ciki. Zoben ganye mai kyandirori da ake kunnawa a Adbent ya samo asali daga Johann Hinrich Wichern, wani malamin Furotesta a Hambag ta Jamus, wanda a shekara ta 1839 ya jera kyandirori a kan da'irar katako domin yaran gidan marasa galihu da yake kula da su, masu yawan tambayarsa yaushe Kirsimeti zai zo. Manyan farare huɗu na ranakun Lahadi ne, ƙananan jajaye na sauran kwanaki. Daga baya aka bar huɗun kawai.

Ikilisiyoyin Gabas ba su da Adbent irin wannan, amma suna azumin kwana 40 daga 15 ga Nuwamba, Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha kuwa kwana 43 suke yi kafin nasu idin a farkon Janairu.

Halin yau

Cocin Katolika ta Yamma ba ta wajabta azumi a Adbent, kuma tsarin kalandarta na 1969 ya siffanta shi da lokacin jira cikin ibada da murna. Ko ya kamata a ci gaba da ɗaukarsa lokacin tuba, ra'ayi ya bambanta. A arewacin Nijeriya yana faɗowa cikin hunturu, bayan kaka, daidai lokacin da teloli ke kwana kan keke saboda ɗinkin Kirsimeti, ana cinikin shinkafa da kaji, ana neman kuɗin motar zuwa gida. Masu wa'azi kan yi amfani da waɗannan makonni su ja hankalin masu bi ga addu'ar iyali, sulhu da wanda aka ɓata da shi, da taimakon gwauraye da marayu kafin ranar idi.