Fumfunar gyaɗa da masara na jawo ciwon dajin hanta

Duk kaka idan na zaga gonaki, abu ɗaya nake gani yana tayar min da hankali: an baza gyaɗa ko masara a ƙasa tsura, raɓa ta kwana a kai, ba ta gama bushewa ba an ɗura a buhu.

Irin wannan laima ce ke raya wata fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin. Wuta ba ta kashe gubar; a soya ƙuli-ƙuli, a tuƙa tuwo, tana nan daram. An farga da ita ne a 1960, da talotalo wajen dubu 100 suka mutu a Ingila bayan cin abincin da aka haɗa da gyaɗar Brazil.

Ku saurari yadda take ɓarna a jikin mutum. Muna da wata ƙwayar halitta, p53, aikinta gadi: idan wani ɗan sashe na jiki ya lalace, ita ke tsayar da shi kafin ya hayayyafa. A 1991 masu bincike suka duba masu ciwon dajin hanta a Qidong ta ƙasar Sin da kudancin Afirka, suka tarar a jikin da yawansu mai gadin nan ya sauya a gurbi guda, na 249, inda gubar ke sara. Daga baya aka ga hakan a Gambiya. Idan kuma mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin yakan ninka sau da yawa.

Sauyin ƙwayar halitta kuma shi ya ba mu magani, Allah mai iko. Akwai dangin fumfunar da sauyi ya hana su yin guba. Da su cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta haɗa Aflasafe, wanda ake watsa kilo 10 a hekta, mako 2 zuwa 3 kafin amfani ya yi fure, su mamaye gonar kafin masu gubar.

Ku shanya a kan tamfol, ku ɗora buhuna a kan katako. Iyaye mata, ƙwayar da ta motse ko ta sauya launi a tsince a binne ta, kada a ba saniya, don gubar tana fita ta nono. Jariri kuma a kai shi rigakafin ciwon hanta nau'in B ranar da aka haife shi.