Karatun gida da sa idon gwamnati

Karatun gida shi ne iyaye su riƙe yaro a gida su koya masa boko da kansu, ko su ɗauko malami ya riƙa zuwa, ba tare da an saka shi a makarantar gwamnati ko ta kuɗi ba. Ba lesin ɗin yamma ake nufi ba fa, shi wannan yaron ba shi da aji ba shi da yunifom kwata-kwata. Rigimar tana cikin yadda aka rubuta doka ne, wasu ƙasashe ilimin suka wajabta, wasu kuma zuwa makarantar suka wajabta, kuma wannan ɗan bambancin shi ke sa a wani wuri magana ta ƙare a cike fom, a wani wurin kuma sai ga 'yan sanda a ƙofar gida.

Ingila tana ɓangaren farko. Sashe na 7 na dokar ilimi ta 1996 ya ɗora wa iyaye nauyin yaro ya samu ilimin da ya dace da shekarunsa, ko ta zuwa makaranta ko ta wata hanya daban, ta wannan ƙofar masu karatun gida suke shiga.

Jamus kam ta toshe ƙofar. Wajabta zuwa makaranta na cikin tsarin mulkin 1919, dokar 1938 ta ƙara tsaurara shi, har yau kuma jihohin ƙasar suna kan haka. Hujjar kotunansu ita ce makaranta ba lissafi da rubutu kaɗai take koyarwa ba, a can yaro ke gogayya da waɗanda addininsu da tunaninsu ya saɓa da na gidansu, kuma ƙasa tana da haƙƙin hana wasu su ware su kafa tasu al'ummar a gefe. Iyayen da suka ƙi ana cin su tara, in suka dage ana iya taɓa ikonsu na riƙon yaran. A watan Agustan 2013 jami'ai da 'yan sanda suka kwashe yara huɗu na iyalin Wunderlich a kusa da Darmstadt, sai bayan kusan mako uku aka mayar da su, iyayen suka kai ƙara har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai amma a Janairun 2019 ta ce Jamus ba ta yi laifi ba.

Wanda ya fi tashe shi ne na Uwe da Hannelore Romeike, mata da miji Jamusawa masu karatun gida, Kiristoci masu tsananin riƙo da addini, da tara ta ishe su suka tattara suka koma jihar Tenesi a Amurka a 2008 suka nemi mafaka. Wani alƙalin shige da fice ya ba su a 2010, aka soke a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar Jamus kan kowa take hawa ba su kaɗai aka sa wa ido ba, don haka ba ƙuntatawa ba ce, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraren maganar a Maris 2014. Duk da haka gwamnati ta ɗage korarsu suka ci gaba da zama.

Faransa ta daɗe tana barin iyaye su sanar da hukuma kawai, sai a riƙa zuwa dubawa. Bayan jawabin shugaban ƙasa Macron na Oktoban 2020 kan masu ware kansu daga jamhuriya, wanda kowa ya san masu tsattsauran ra'ayin Musulunci yake nufi, aka yi dokar 24 ga Agusta 2021, tun daga zangon 2022 sai an nemi izini, kuma dalilai huɗu ne kacal ake karɓa: rashin lafiya ko naƙasa, wasanni ko fasaha mai cin lokaci, iyali masu yawo ko nisa da makaranta, sai wani yanayi na musamman da ya shafi shi yaron. Addini ko ra'ayin iyaye ba ya ciki. Ga shi kuma tun 2019 wajibcin karatu daga shekara 3 yake farawa.

A Amurka babu doka ɗaya, kowace jiha da tata. Tun 1925 Kotun Ƙoli ta hana jihar Oregon tilasta wa kowa makarantar gwamnati, a 1972 kuma ta yarda Kiristoci 'yan ɗariƙar Amish su cire yaransu daga makaranta bayan aji takwas. Ƙungiyar lauyoyi ta HSLDA mai kare masu karatun gida, da aka kafa a 1983, ita ta yi ta bin jihohi ɗaya bayan ɗaya har karatun gida ya halatta a duka 50 zuwa 1993. Amma halaccin kala-kala ne, a Teksas ko sanarwa ba a buƙata in yaron bai taɓa shiga makaranta ba, a New York kuwa sai ka kai tsarin karatun shekara, rahoto sau huɗu, da gwajin ƙarshen shekara. Lokacin korona abin ya yi tsalle, hukumar ƙidaya ta ce a cikin gidaje masu yaran da suka isa makaranta, waɗanda ke yi sun tashi daga kashi 5.4 zuwa 11.1 cikin ɗari a cikin 2020 kaɗai.

Masu son a tsaurara ba jarrabawa ce ta fi damunsu ba, malamin aji shi ke fara ganin tabo a jikin yaro ko alamar yunwa, in an cire yaron daga makaranta to wa zai gani. Iyaye kuma suna cewa bai kamata laifin mutum ɗaya ya sa a riƙa leƙa ɗakin kowa ba. A 2018 aka gano 'ya'yan mutum ɗaya su 13, manya da ƙanana, a wani gida a garin Perris na Kaliforniya, wasu a ɗaure da sarƙa, uban ya yi wa gidan rajista a matsayin makarantar kuɗi kuma ba wanda ya taɓa zuwa dubawa. Aka kai ƙudiri majalisar jihar don ƙara sa ido, ɗaruruwan iyaye masu karatun gida suka cika majalisar, ƙudirin bai ko wuce kwamiti ba.