Waiwaye: Yadda sinadarai suka riga DNA tona asirin dangin na'a-na'a

Tun shekarar 2017, lokacin da wasu masana tsirrai suka shigar da rozmeri, wani tsiro mai ganyen ƙamshi, cikin zuriyar Salvia, sunansa ya tashi daga Rosmarinus officinalis ya koma Salvia rosmarinus, muhawara ba ta lafa ba tsakanin masu lambu da masu sayar da man ƙamshi da malaman jami'a. A 2019 sauyin ya iso har gonakinmu, domin an mayar da tumuku da rizga cikin zuriyar Coleus. Masu ƙorafi suna cewa binciken DNA ne ya zo rana tsaka ya birkita tsarin da aka gada. Amma wanda ya bi tarihin dangin na'a-na'a, wato Lamiaceae, wanda duk waɗannan tsirrai suke cikinsa, mai nau'i kusan 7,000, zai tarar bangon ya daɗe da tsagewa.

Farkon labarin sananne ne. Daga masanan tsirrai na farko, Linnaeus a 1753, zuwa Jussieu a 1789, zuwa babban aikin George Bentham tsakanin 1832 da 1836, an dogara ne da abin da ido ke gani: kara mai kusurwa huɗu, ganye biyu-biyu suna fuskantar juna, fure mai leɓe biyu, da 'ya'ya huɗu ƙanana a gindin furen. Da kayan aikin zamaninsu, abin da ya samu ke nan.

Inda al'amarin ya juya, wanda ba kasafai ake ambata ba, shi ne 1945. A shekarar ne Gunnar Erdtman, masanin garin fure ɗan ƙasar Suwidin, ya duba garin furen tsirran nan a madubin ƙara girma, ya ga sun rabu gida biyu: na wasu yana da tsaga uku, na wasu tsaga shida. Wannan rabuwa ba ta bi layukan da aka shata bisa siffar fure ba, kuma da a nan maganar ta tsaya, da wataƙila an ɗauke ta ƙaramin abu. Sai masana sinadarai, waɗanda suke bin tasu hanyar daban, suka riƙa cin karo da wannan iyaka ɗin dai. A 1958 wasu 'yan Italiya biyu, Scarpati da Oriente, suka tace wani sinadari daga rozmeri suka sa masa suna asid ɗin rozmarinik. Da aka ci gaba da gwaje-gwaje a shekarun 1960 da 1970, sai aka ga wannan asid ya taru ne a gidan masu tsaga shida, wato Nepetoideae, inda na'a-na'a da ɗoɗɗoya da tayim (ganyen ƙamshin girki) da rozmeri suke, kuma su ne masu yawan mai mai ƙamshi. Masu tsaga uku kuwa man nasu kaɗan ne, abin da suka fi tarawa shi ne wasu sinadarai masu ɗaci da ake kira iridoyid, waɗanda kusan babu su a ɗaya gidan.

Ana iya jin bambancin nan da hannu. A murza ganyen ɗoɗɗoya tsakanin yatsu, ƙananan gasusuwan da ke riƙe da man a fatar ganyen za su fashe, ƙamshin ya manne a hannu har bayan an wanke. Ganyen ɗan uwansa na ɗaya gidan sai dai warin ɗanyen ganye. A ganina nan ne tushen sauye-sauyen yau yake, domin shaidu biyu da ba su haɗa baki ba sun nuna cewa kamannin fure na iya yaudara. Cantino da Sanders sun tattara waɗannan hujjoji a 1986, kafin binciken DNA ya zama ruwan dare, kuma da ya zo sai ya tabbatar da cewa Nepetoideae tsatso ɗaya ne. A farkon shekarun 1990 ne kuma aka ɗauko wasu itatuwa daga dangin Verbenaceae aka shigo da su dangin Lamiaceae, ciki har da zuriyar Vitex, wadda ɗinya take cikinta.

Sai dai sinadari ma ba alƙali ba ne shi kaɗai. Tsiron Nepeta, wanda kyanwa ke birgima a kansa, ɗan Nepetoideae ne, amma yana yin iridoyid, kuma wani bincike na 2020 ya nuna kakanninsa sun rasa wannan baiwa, daga baya ya sake ƙirƙiro ta. Haka nan a kudancin Faransa an samu tayim iri ɗaya mai ƙamshi shida daban-daban, kamar yadda ɗoɗɗoyar Ocimum gratissimum wata ke ƙamshin kanumfari wata kuma na tayim. Saboda haka sinadari ya fi amfani wajen raba manyan gidaje fiye da tantance nau'i guda.

Shi kansa rozmerin da ake ta taƙaddama a kai, tun kafin 2017 an san zaren namiji biyu kawai furensa yake da shi, kamar na Salvia, kuma an san yana tara asid ɗin karnosik da karnosol, sinadaran da ake samu a ganyen Salvia officinalis.