Factorio: tsara fasaha da haƙo arzikin ƙasa a wasan haɗin gwiwa

Factorio wasan kwamfuta ne na gina masana'anta a wata duniyar da ba tamu ba, kamfanin Wube Software na birnin Firag a ƙasar Cek ne ya yi shi, cikakkensa ya fito ran 14 ga Agusta 2020 bayan mutane sun yi shekaru suna bugawa tun bai gama nuna ba. Labarin ba shi da tsawo, jirgin wani injiniya ne ya faɗo a duniyar Nauvis, kuma aikin da ke gabansa shi ne ya ƙera roka ya harba sama. Mutum ɗaya zai iya bugawa, amma daɗinsa sai an haɗu ta intanet ana gina masana'anta guda.

Abin da ake haƙowa tama ce da tagulla da kwal da dutse, ɗanyen mai da yuraniyom sai an yi nisa. Ita kuwa fasaha ba da kuɗi ake buɗe ta ba, wasu kwalabe ne masu kala ake ƙerawa a tura ɗakin bincike. Jar kwalba tagulla ce da ƙarfe mai haƙora, koriya tana cin bel (abin da ke jan kaya daga inji zuwa inji) da hannun inji, shuɗiya kuwa sai ka tace mai tukuna, toh a nan ne sabbin shiga da yawa suke ajiye wasan don bututu ya rikita su. Kala bakwai ne a asalin wasan.

Gaskiya wasan lissafi ne kawai aka sa masa rigar sararin samaniya. Bel mai ruwan ɗorawa kaya 15 yake ja a sakan ɗaya, jan bel 30, shuɗi 45. Murhun dutse yana narka tama ɗaya a sakan 3.2, kenan sai ka jera murhu 48 kafin ka cika bel ɗin farko, in ka sa 30 ka zauna kana jiran ƙarfe kai ka jawo wa kanka. Tukunyar tururi ɗaya injin ba da wuta biyu take ɗauka. Koren allon lantarki, wanda kusan komai na gaba sai da shi, ana sa injin waya 3 su ciyar da injin allo 2, kuma shi ke shanye tagulla kamar ba gobe.

A wasan taro raba aiki ake yi, wani haƙa da narkawa, wani wuta, wani layin dogo, wani tsaro. Nan Jidda mu da ƙannena da wasu samarin Hausawa na Makka mukan hau bayan tarawi har kusan sahur, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na busawa shayi na zagawa. Wani dare ɗakin bincike ya tsaya cak, muka bi bel muna dubawa, ashe autanmu ne ya yanki ƙarfe daga babban layi ya kai wajen ƙera harsashi bai gaya wa kowa ba. "Yaya wallahi kaɗan na ɗiba," in ji shi, rabin layin fa ya kwashe. Shi ya sa ake jera manyan bel a tsakiya kowa ya ɗiba ta na'urar raba kaya, a bar na gaba ya samu.

Uzurinsa dai ba ƙarya ba ne, hayaƙin masana'anta yana kaiwa sheƙar ƙwarin duniyar su taso su far wa ginin. Bishiyoyi suna shanye hayaƙi, saboda haka wanda taswira ta jefa shi hamada farmaki ya fi saurin iso masa, mu da muka san hamada ba sai an yi mana bayani ba.

Ƙarin Space Age ya fito a Oktoba 2024 da duniyoyi huɗu, Vulcanus mai aman wuta, Fulgora inda bola ake tonowa a tace, Aquilo mai ƙanƙara, sai Gleba inda kaya ke ruɓewa a kan bel in aka bar su suka daɗe.