Dutsen Spider Rock

Spider Rock dogon dutsen yashi ne mai kai biyu da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar kwazazzabon Canyon de Chelly, a arewa maso gabashin jihar Arizona ta Amurka, cikin ƙasar ƙabilar Nabaho. Babban kan ya tashi kimanin mita 230 daga ƙasan kwarin, daidai inda kwarin Monument ya haɗu da na de Chelly. Akasarin masu zuwa ganinsa ba sa kusantarsa, daga bakin gaɓar kwazazzabon suke hango shi.

Asalin dutsen tudun rairayi ne da iska ta tara a zamanin da masana ke kira Permian, sama da shekaru miliyan 250 da suka wuce. Rairayin ya danne ya zama dutse ja, shi ya sa har yanzu ake ganin layuka a karkace a jikinsa, alamar yadda iska ta riƙa jera yashin. Daga baya rafukan da ke gangarowa daga tsaunukan Chuska suka ci ƙasar suka haƙa kwari. Ruwa yakan shiga tsagogi ya daskare da sanyi ya farfasa bangon, a hankali gefe ya zube, wannan ginshiƙi ya rage a tsaye.

Wurin hangen yana ƙarshen hanyar mota ta gaɓar kudu, kimanin kilomita 25 daga ofishin baƙi da ke kusa da garin Chinle. Daga inda ake ajiye mota akwai 'yar gajeriyar hanya ta ƙafa zuwa bakin gaɓa. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne yana kallon dutsen ne daga sama, domin gaɓar ta kai kimanin mita 300, ta ɗara kan dutsen tsawo. Wannan yakan ruɗi ido. Da farko sai mutum ya raina girmansa, sai ya lura da itatuwan da ke gindinsa sun zama kamar ƙananan ɗigo, ko ya hango motar 'yan yawon buɗe ido tana tafe a kan yashin rafi da ƙyar ake gane ta, sannan ya san abin da yake kallo. Da tsakar rana launin yakan dushe, hoto ma ba ya yin kyau. Da la'asar, idan rana ta karkata, jan dutsen yakan yi zurfi, inuwarsa ta miƙe a ƙasan kwari. Madubin hangen nesa na da amfani a nan, don da shi ake iya gano kangayen gidajen mutanen dā a cikin lungunan bango.

Nisan da ake kallonsa ba batun tsayin gaɓa kaɗai ba ne, akwai doka. An ayyana wurin a matsayin abin tarihi na ƙasa a 1931, amma filin mallakar Nabaho ne, kuma hukumar gandun shaƙatawa ta Amurka tana kula da shi tare da su. Har yau akwai iyalai da ke noman masara da kiwon tumaki a ƙasan kwarin. Wanda ke son zuwa gindin dutsen dole ya tafi da ɗan jagora mai izini. Ga Nabaho, mutanen da sojojin Amurka ƙarƙashin Kit Carson suka ƙone wa gonaki a 1864, aka kora su da ƙafa zuwa sansanin tsare mutane na Bosque Redondo, ba su dawo ba sai bayan yarjejeniyar da suka yi da gwamnatin Amurka a 1868, wannan iko da suke da shi kan wanda zai shiga ba ƙaramin abu ba ne.

A al'adar Nabaho, a saman dutsen ne Mace Gizo-gizo take zaune, wadda ta koya musu saƙa; sunan Spider Rock ma yana nufin Dutsen Gizo-gizo ne. Iyaye kan ce wa yara farin da ke kan dutsen ƙasusuwan yaran da ba sa jin magana ne. Wasu Amurkawa uku, Mark Powell da Jerry Gallwas da Don Wilson, sun hau shi a 1956, amma daga baya hukumomin Nabaho suka haramta hawansa.