Abin da dokar jihar Jojiya ta ce kan haɗa injin mota da iskar naitiros oksaid

A jihar Jojiya ta ƙasar Amurka, sashe na 40-8-10 na kundin dokokin jihar ya haramta wa kowa ya tuƙa ƙaramar motar ɗaukar mutane a kan titin gwamnati matuƙar injinta yana samun iskar naitiros oksaid. Dokar ba ta hana a sayi kayan ba, ba ta kuma hana makanike ya ɗora su ba. Abin da ta sa wa ido shi ne halin da motar take ciki a lokacin da ta hau titin da jama'a ke bi.

Ba a gane dalilin dokar sai an san aikin iskar. Ana ɗura ta a tukunya mai matsi irin ta gas, a ajiye a but, sannan a ja tiyo zuwa injin. Idan ta ji zafin da ya kai kimanin digiri 300 a ma'aunin Salshiyos sai ta rabu, ta saki iskar oksijin. Kusan kashi 36 cikin ɗari na nauyinta oksijin ne, alhali a iskar da muke shaƙa bai wuce kashi 23 ba. Yawan oksijin kuwa yana bukatar ƙarin fetur, shi ya sa a wani nau'in haɗin ake jan layi daga bututun mai domin fetur da iskar su shiga tare. Idan man ya gaza, zafi yana iya narkar da fistan. Idan ya wadata, direba na danna maɓalli motar za ta zabura da ƙarfin da ba a ƙera birkinta da tayoyinta dominsa ba, kuma wannan ne ya sa masu tseren dare suke sonta.

Hanya biyu dokar ta ambata ta kuɓuta daga laifi: ko dai a cire tiyon da ke kai iskar ga injin, ko a fitar da tukunyar daga motar gaba ɗaya. Rufe bakin tukunya ko kashe maɓalli ba ya cikin waɗannan biyun, kuma a ganina da hujja, domin abin da aka rufe da hannu ana iya buɗe shi cikin daƙiƙa kaɗan, shi kuwa tiyon da aka kwance ɗan sanda zai gan shi da idonsa.

Saɓa wa sashen ƙaramin laifi ne, wanda a Jojiya hukuncinsa kan kai tarar dala 1,000, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun. Filin tsere ba titin gwamnati ba ne, saboda haka mai motar yana iya zuwa da tiyonsa a kwance, ya ɗaura a can, ya sake kwancewa kafin ya kama hanyar gida.